Ƙanƙarar da Na Sayar Ban Taɓa Takawa Ba

Ku matasan da ke zuwa neman aiki a wurina, kusan kowannenku da magana ɗaya yake buɗe baki: "Ammi Salihu, ai wannan sana'ar yanzu a waya take. Ka danna nan, ka danna can, tikiti ya fito, halas, an gama." To ku ja kujera in ba ku labarinta. In na gama, wanda ya ga zai iya da yatsa ɗaya, ga tebur nan.

A unguwar Hindawiyya, nan Makka, aka haife ni. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya sauke farali, bai koma ba. Ina da shekara goma sha tara mahaifina ya kama hannuna ya kai ni unguwar Misfala, wurin Shehu Umaru, wani dattijo mai ofishin tafiye-tafiye da sama wa alhazai masauki. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: littafin lokutan jirage mai kaurin tubali, hatimi, tarho guda ɗaya mai igiya, da tikitin da ake rubutawa da hannu, ganye huɗu a haɗe. In ka kuskure harafi ɗaya a sunan mutum, ka ɓata ganyen duka. Shehu ba ya faɗa. Sai dai ya sa ka karanta sunan da ƙarfi, yadda ka rubuta shi, a gaban mai sunan.

Aikin farko da ya aike ni waje, wani gida ne mai hawa biyar da za mu sauke mata arba'in daga Maraɗi. Na je na dawo kafin shayinsa ya huce, na ce gida ya yi.

Ya ce, "Ka buɗe famfo a hawan ƙarshe?"

Na ce a'a.

"Daga ƙofar gidan zuwa Harami, tafiyar minti nawa ce?"

"Goma, Shehu."

"Da ƙafar wa?"

Ya mai da ni. Ya ce in tsaya a ƙofar gidan har sai na ga tsohuwa mai sanda ta nufi Harami, in bi bayanta, kada in wuce ta. Mun kusa cinye rabin sa'a ni da ita. Famfon sama kuwa iska kawai yake hurawa. Ba mu ɗauki gidan ba. Dokarsa ke nan har ya rasu ya bar mini ofishin: wurin da ba ka shiga ba, kada ka tura wani.

Shekara talatin da wani abu na yi a kan wannan doka. Sai ga shekarar da aka rage yawan alhazai saboda aikin faɗaɗa Harami. A cikinta aka rushe layin shagunanmu, mutanen da muka saba saukewa kuma suka koma gama komai tun daga ƙasashensu. Na tattara hatimi da kujeru na koma unguwar Zahir, wani ɗan shago tsakanin mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da mai gasa burodin tamis. Akwai makon da mutum ɗaya ne ya turo ƙofata, shi ma inuwa yake nema. Na ce tunda baƙi sun daina biyowa ta hannuna, bari in koma fitar da 'yan gari: masu zuwa hutu, masu zuwa asibiti, masu kai 'ya'ya karatu.

A cikin wannan hali Ustaz Haruna ya shigo. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da 'ya'yana biyu. Matarsa, Ummu Yusuf, ta yi shekara huɗu tana jinyar mahaifiyarta, ko Jidda ba ta leƙa ba. Da tsohuwar ta rasu, kwanaki suka ja, sai ya tambaye ta abin da take so a duniya. Ta ce dusar ƙanƙara. Kuma ba kallo kawai ba, so take ta ɗaura allunan nan biyu a ƙafa ta gangaro daga tudu, yadda ta gani a wata kalanda tun tana 'yar makaranta. Shekarunta hamsin da takwas.

Ustaz ya ce, "Salihu, ka san fanshona. Nemo mana mai sauƙi."

Na buɗe kwamfuta na yi irin aikinku. Na danna nan, na danna can, na ga wani wuri a wata ƙasa da ba zan faɗi sunanta ba, don ba laifinta ba ne. Hotuna fari fat, kuɗi kamar kyauta. Na yanka musu tikiti, na kama musu ɗaki, har ina yaba wa kaina.

Bayan mako biyu ya dawo da la'asar, da leda a hannu. Ya zauna, ya fito da huluna biyu na ulu da safar hannu, ya jera a kan tebur.

"Sababbi ne," in ji shi. "Ba a sa ba. Ko za ka san wanda zai so."

Sannan ya ba ni labari a hankali, yadda yake bayanin darasi. Tudun bai da tsawo, ƙanƙara ba ta sauka ba tukuna, ciyawa ce da taɓo. Layi ɗaya ne aka fesa wa ƙanƙarar inji, shi kuma tsaye yake kamar hawan dutsen Jabal Nur, sai gwanaye. Masaukin yana da tafiyar sa'a guda a mota daga tudun. Hayar takalma daban, katin hawa daban, mai koyarwa daban, kuma babu mace a cikinsu. Kwana biyar Ummu Yusuf na zaune a bakin taga tana kallon ruwan sama.

"Ba ta ce komai ba, Salihu. Da faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi."

Na ce zan mai da masa abin da ya kashe. Ya ɗaga hannu.

"Ba shi ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce. Kai ka taɓa zuwa wurin?"

"Ban taɓa ba, Ustaz."

"To me ka sayar mini?"

Ya yi sallama ya fita. Kun san Zahir: kafin Juma'a, mai tamis ma yana tambayata ko ina da ragowar ƙanƙara a firij. Shagon dama yana numfashi da kyar, in maganar nan ta zauna, rufewa ce kawai ta rage.

Na gaya wa maiɗakina zan tafi in ga abin da idona, in kuma hau. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Abu Khadija, kai da kake neman bargo in an ƙara mukayyif? Shekara hamsin da shida, yanzu za ka fara wasan zamiya? In ka karye wa zai ɗaga ka?"

Na ce likita zan fara gani. Wannan ku rubuta shi, don shi ne farkon aikin ga duk wanda ya haura hamsin. Likita ya duba gwiwa, ya auna jini, ya ce in yi wata guda ina hawa matakala. Kullum bayan asuba nakan hau benenmu mai hawa huɗu sau shida. Maƙwabta suka ɗauka famfon sama nake gyarawa.

Turkiyya na nufa, a tsakiyar sanyinsu, na zaga wurare uku cikin kwana goma sha biyu. Na farko sananne ne, kowa ya san sunansa, kuma sunan kake biya. Shayi kofi ɗaya kuɗin abincin rana, layin hawa kuwa kamar ƙofar Harami bayan sallar Juma'a. Na biyu yana da arha, amma tudunsa tsaye yake, ƙanƙarar ta daskare kamar gilashi, na ga matasa ma suna gangarowa a zaune. Na uku ƙarami ne, a gefen wani gari da ba wanda ya taɓa ambata mini shi. Babu manyan shaguna, babu kiɗa. Akwai fili mai faɗi wanda ya ɗan karkata kaɗan, da wata shimfiɗa mai tafiya da kanta, ka tsaya a kai ta kai ka sama. Daga ƙofar masauki zuwa filin na ƙirga taku ɗari da 'yan kai, da takalman zamiya a ƙafa, waɗanda ke sa mutum tafiya kamar an ɗaure shi da mari.

A nan na haɗu da Ramazan, mai koyarwa, ɗan shekara sittin da bakwai, gajere, gashin bakinsa fari. Ba ya jin Larabci sai na sallah. Ni kuma Turkancina kalma ɗaya ce da na tsinta a bakin alhazansu in cunkoso ya yi yawa a ɗawafi: yawash yawash, wato sannu sannu. Da na faɗe ta sai ya ƙyalƙyale da dariya. Da ya ji daga Makka nake, ya cire safar hannu ya sake gaisawa da ni.

Abin da ya fara yi shi ne ya zaunar da ni ya cire mini takalma. Safa uku na jera don tsoron sanyi, yatsuna har sun mutu. Ya zare biyu ya jefa mini a cinya, ya nuna yatsa ɗaya. Safa ɗaya, doguwa, babu ninki. Sai ya kai ni fili, ya ɗaura mini alluna, ya ɗan tura ni da kafaɗa. Na zube. Na yi ƙoƙarin tashi, allo ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi yamma. Ina nan ina fafutuka sai na ga dattijon nan ya kwanta a gefena, shi ma da allunansa. Ya juya a hankali, ya jera su a ƙasan jikinsa, ya dafa, ya miƙe. Ya sake kwanciya. Ya sake miƙewa. Har azahar abin da muka yi ke nan, faɗuwa da tashi. Na ce masa da Hausa, "Baba, ni fa zamiya na biya, ba kwanciya ba." Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya sake tura ni.

Rana ta biyu ya koya mini tsayawa: ka haɗa kan allunan a gaba, ka buɗe bayansu, su yi kusurwa kamar sambusa. In ka faɗaɗa sambusar sai gudu ya ragu. In kana son juyawa dama, ka jingina nauyinka a ƙafar hagu, abin da hankali ba ya yarda da shi sai jiki ya gwada. Rana ta huɗu muka hau kujerar nan mai rataye a igiya, irin ta hanyar Ɗa'ifa, muka sauka a tsakiyar dutse. Shiru ko'ina, sai ƙarar allunan kamar ana yayyaga ƙyalle. Na gangaro a bayansa ina bin sawunsa, dama, hagu, dama. Can na ji wani yana ihu yana dariya, na waiga ban ga kowa ba. Ashe ni ne.

Sauran kwanakin aikin Shehu Umaru na yi. Na buɗe famfo a hawan ƙarshe. Na duba banɗaki ko akwai ruwa, na nemo ɗakin sallah a gindin tudu, na leƙa ɗakin girki, na je asibitin garin da ƙafa na ga nisansa. Na tambayi masu share hanya, ba masu masauki ba, wane wata ƙanƙara ke zama sosai, kuma yaushe makarantunsu ke hutu, don a lokacin komai ke ninkawa. Abu mafi girma, na gano Ramazan yana da 'ya, Fatma, ita ma mai koyarwa ce.

Ga abin da na ɗauko daga can, wanda har yau da shi nake aiki. Arha a wannan harka ba ita ce lambar da ke rubuce a kan hoto ba. Ka haɗa jirgi, da mota, da ɗaki, da hayar kaya, da katin hawa, da mai koyarwa, da inshora, sannan ka kwatanta. Mai koyo ba ya bukatar dutse mai hanyoyi hamsin, ɗaya zai yi mako yana kai, kada ka sa shi biyan sauran. Tudu ya yi tsawon da ƙanƙara za ta tabbata, amma kada ya yi tsawon da mai hawan jini zai kasa numfashi. Kaya haya ake yi, ba a saye, sai safa da tabarau. A yi alwala kafin a sa safa, don cire takalman nan da azahar aiki ne na mutum biyu. Dabino kuma a aljihun ciki ake sa shi. Na sa nawa a na waje, na ciza, na kusa barin haƙori a Turkiyya.

Da na dawo na tafi gidan Ustaz Haruna. Ya karɓe ni da mutunci, amma da na fara magana sai ya ce, "Salihu, sau ɗaya ya isa." Ban ja ba. Na miƙa masa wayata, akwai hoton bidiyon da Ramazan ya ɗauke ni, tun daga faɗuwar farko har ranar ƙarshe. Ya kalla ya gama, fuskarsa ba ta motsa ba. Sai ya tashi ya shige ciki da wayar. Jim kaɗan na jiyo dariyar mace, irin wadda mutum ke yi har ya dafa bango. Sannan muryar Ummu Yusuf daga bayan labule:

"Malam Salihu, wannan da ke birgima kai ne?"

"Ni ne, Ummu Yusuf."

"Na ƙarshen ma kai ne?"

"Ni ne."

"To in dai kai ka iya, a rubuta sunana."

Sanyin da ya biyo baya muka tafi mu tara, duk 'yan Zahir da Hindawiyya, ƙaraminmu ya haura hamsin. Na kama tikiti tun da wuri, na kauce wa hutun makarantunsu, na ɗauki ɗakuna a masaukin nan na kusa da fili. Maza wurin Ramazan, mata wurin Fatma. Ummu Yusuf ta sa doguwar rigar sanyi har gwiwa da wando mai faɗi, ta ɗora hular kwano a kan mayafi. Ustaz ya gwada rana ɗaya, ya faɗi sau huɗu, ya ce gwiwoyinsa sun yi lissafi sun ga ba riba. Daga nan ya zama mai riƙon fulas ɗin shayi a gindin tudu, yana ba kowa maki cikin goma.

Rana ta biyu da hantsi Ummu Yusuf ta faɗi a kan hannunta. Na ga Fatma ta durƙusa, na ga Ustaz ya yar da fulas yana gudu a cikin ƙanƙara da kyar. A raina na ce shi ke nan, na sake jefa mutanen nan. Cikin minti kaɗan muna asibitin da na taka da ƙafata bara. Aka ɗauki hoto, babu karaya, targaɗe ne, aka naɗe.

Ustaz ya ce, "Halas. Kin gani, kin taɓa, kin hau. Ya isa."

Ta ce, "Abu Yusuf, shekara huɗu ina ɗaga mutum ina kwantarwa da wannan hannun. Ba ɗan targaɗe ne zai zaunar da ni a bakin taga karo na biyu ba."

Aka tambayi likita. Ya ce ta huta kwana ɗaya, in ta koma kada ta riƙe sandar zamiya. Fatma ta ce dama mai koyo ya fi kyau babu sanda. Washegari iska ta taso aka rufe kujerun sama, duk manyan hanyoyi suka tsaya, amma filinmu na ƙasa yana aiki. Ummu Yusuf ta zauna a gefe a kan benci tana kallon ƙafafun mutane, tana motsa nata a cikin takalmi.

Ranar ƙarshe gari ya waye tas, rana ta fito. Muna tsaye ni da Ustaz a ƙasa sai muka ga Fatma ta ja ta sun nufi kujerar sama. Ya kama hannun rigata.

"Salihu, ina za su?"

"Tsakiya kawai, Ustaz. Na bi hanyar sau ashirin, shimfiɗaɗɗiya ce."

Bai sake ni ba. Bakinsa na motsi, ina jin Ayatul Kursiyyu. Can muka hango ɗigo biyu, ja a gaba, Fatma ke nan, baƙi a baya. Baƙin yana tafe a hankali, ya karkata dama, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, ya karkata hagu. Da suka kusa, Fatma ta kauce gefe ta bar mata hanya. Ummu Yusuf ta zo ita kaɗai, hannu naɗe, kumatu jawur, ta faɗaɗa allunanta ta tsaya cak a gaban mijinta, har 'yar ƙanƙara ta fantsa masa a takalmi. Sauran mutanenmu suka ɗau kabbara. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, Turkawa suka juyo suna tafi ba su san dalili ba.

Ustaz ya buɗe fulas. Ya zuba shayi, ya miƙa mata. "Goma," in ji shi. "Goma cikin goma."

Ta kurɓa sau ɗaya ta mai da masa kofin. "Riƙe mini, kada ya huce. Sai na ƙara ɗaya."

Wannan tafiyar ce ta tsai da shagon nan da ƙafafunsa. Tun daga lokacin kowace shekara nakan fita da rukuni biyu ko uku, kuma duk sabon wuri sai na riga kowa zuwa na faɗi a kansa tukuna. Na ƙi wurare da yawa masu kyawun hoto, har wani mai masauki ya taɓa bina da waya yana cewa me na gani. Na ce masa matakala ashirin da biyu na gani tsakanin ɗakin takalma da fili, kuma babu abin dafawa.

Bayan dawowarmu da wata bakwai, ana tsakar zafin da kwalta ke laushi, Ustaz Haruna ya turo ƙofa, Ummu Yusuf na bayansa. Ta ajiye takarda a kan tebur. Sunaye goma sha ɗaya, duk matan da suke karatun Alƙur'ani tare, ƙaramarsu shekara hamsin da biyu.

Na ce, "Ummu Yusuf, wannan aiki ne babba. Sai an ga likita, sai izinin mazajensu, sai fasfo, sai an yi wata guda ana hawa matakala."

Ta ce, "An ga likita. Mazan na gama da su. Matakala kuwa tun bayan Ramadan muke hawa, ka tambayi mai gadin gidanmu." Ta turo takardar gabana da yatsa. "Kai dai naka ɗaya ne, Malam Salihu. Su ka bar musu filin nan na ƙasa. Ni ka nemo mini tudun da ya fi na wancan karo tsawo."